Ajin Mista Ajayi da Ajin Madam Rifkatu

Wata Litinin ce a watan Oktoba, shekarar da na shiga aji biyar a makarantar firamare ta gwamnati da ke bayan layin dogo a Agege. An kwana ana ruwa, filin makaranta ya zama taɓo, yawancinmu mun shigo aji da takalma a hannu. Ba wanda ya zauna. Mun jeru a jikin bango rungume da jakunkuna, kamar yadda muka saba kowace Litinin, muna kallon malaminmu Mista Ajayi yana daidaita takardun gwajin da muka yi ranar Juma'a, bulalarsa a kwance a gefen tebur. Dogon Bayarabe ne mai furfura, ba ya ihu, ba ya zagi, amma idan ya ɗago kai ya dube ka sai ka shiga taitayinka. Tsarinsa ɗaya ne, ba ya canzawa: wanda ya fi kowa maki shi zai zauna a bencin gaba dab da allo, mai bi masa ya zauna kusa da shi, a haka har a kai bencin ƙarshe, inda kwano ke yoyo, warin kwata kuma yana shigowa ta taga. Duk lissafin da ka faɗi, bulala ɗaya ce a tafin hannu. Ran nan sunana ya fara kira. Na je na zauna ina jin ƙarar bulala a bayana, bencina suna ta cika, har jikin bango ya rage mutum ɗaya tak, wata siririyar yarinya mai suna Rakiya, wadda ba ta daɗe da zuwa daga Maradi ba. Da ya kira ta, sai ta ɗan rusuna ta ce, "Na'am, mushe."

Hausawan cikinmu suka fashe da dariya, don a wurinmu mushe dabba ce da ta mutu ba yanka. Mista Ajayi ba ya jin Hausa, amma ya san dariyar da ta shafe shi. Ya nuna ni da bulala ya ce in faɗa masa abin da ta ce. Na miƙe na gaya masa da Turanci cewa a ƙasarsu haka ake kiran malamin boko, kalmar Faransanci ce da baki ya lanƙwasa. Na san haka ne saboda gida ɗaya muke da ita. Ya dube ni har na fara zaton bai yarda ba, sannan ya gyaɗa kai ya ce in gaya mata a nan "Sa" ake cewa. Daga nan ya buɗe takardarta. Amsoshinta na lissafin rabawa daidai suke, sai dai ta jera lambobin ne yadda aka koya mata a can, wata irin shimfiɗa da ba mu taɓa gani ba, shi kuwa ba ya ba da maki sai an bi hanyar da ya koyar. Ya ce ta miƙo hannu. Rakiya ta karɓi bulalarta ba ta yi kuka ba, ba ta kuma san laifin da ta yi ba. Ta wuce bencin ƙarshe ta zauna, ta ɗage ƙafafunta daga ruwan da ya taru a ƙasa.

Gidanmu irin gidajen hayar Legas ne, dogon lungu a tsakiya, ɗakuna suna kallon juna, kicin da rijiya da banɗaki a baya na kowa da kowa. Kakanmu ne ya gina shi, fataucin goro ya kawo shi daga Kano bai koma ba. A nan aka haifi Baba, a nan aka haife mu, shi ya sa muka tashi da Hausa a ɗaki, Yarbanci a bakin famfo, Turancin buroka a titi. Baba dillalin shanu ne a karar Oko-Oba, daga masallacin asuba yake wucewa can. Malam Isufu, mahaifin Rakiya, gadi yake yi a wani kamfani a Ikeja, ya kama ɗakin ƙarshe na kusa da rijiya ya ɗauko iyalinsa daga gida. Da sassafe ni da Rakiya muke jan ruwa mu cika robobin iyayenmu, mu share lungu, a aike mu sayo burodi da wake a bakin tasha. Hanyar makaranta ta kan layin dogo take, tsakanin masu tumatir da barkono waɗanda ke janye tirensu idan jirgi ya yi ƙara, su mayar da zarar ya wuce. Da yamma mu tafi Islamiyya, mu dawo mu zana layukan wasan suwe na Yarbawa a ƙofar gida mu yi ta tsalle, ko mu zauna carafke har a kira magariba. A carafke ba mai ja da Rakiya, bakinta kuma ba ya hutawa, tana ba mu labarin lakwal ɗinsu, wato makarantar bokonsu ta can, da gonar kakarta. Amma da mun shiga ƙofar makaranta sai ta zama kamar wadda aka ɗinke wa baki.

Ni kam a lokacin ban ga aibun Mista Ajayi ba, kuma har yau ba zan ce mugu ne ba. Bai taɓa dukan wani don haushi ba, bai taɓa ɗaga wa wani ƙafa don ubansa ba. Akwai Sani, ɗan wani attajirin mahauci, wanda ubansa ya aiko wa Mista Ajayi da cinyar sa sukutum. A ranar ya sa aka mayar da naman, Litinin kuma Sani ya sha bulalarsa cif ya koma wurinsa na kusa da ƙarshe. Mista Ajayi yakan ce, "Jarrabawa ba ta san uban kowa ba, ni ma ban sani ba." Ya hana kowane yare a aji sai Turanci, Yarbancinsa ma bai tsira ba. Idan an tashi makaranta yakan tsaya ya maimaita darasi ga duk mai so, ba ya karɓar komai. Ni da nake gaba tsarin ya yi mini daɗi, na yi karatu, na ci, na zauna inda na cancanta. Sai dai ko a lokacin na lura da abu ɗaya. Mu na gaba ne kawai muke musayar wuri a tsakaninmu. Na baya kuwa, fuskokin da ke can a farkon zango su ne dai a can a ƙarshensa. Ba sa ganin allo sosai, ba sa jin muryarsa idan jirgi na wucewa ko ruwa na dukan kwano, tambaya kuma ba ta cika isa wurinsu ba sai ranar bulala.

Bayan hutun Kirsimeti aka ce ajin ya yi yawa, aka raba shi biyu. Rabi suka zauna da Mista Ajayi, rabi aka ba sabuwar malama, Madam Rifkatu, 'yar Filato, gajera mai saurin tafiya, mai Hausa irin ta mutanen Jos. Ni da Rakiya da Sani muka faɗo a nata rabon. Tun ranar farko ta sa muka juya bencina suka fuskanci juna, ta raba mu ƙungiya-ƙungiya, a kowace ƙungiya ta sa mai ƙoƙari ɗaya, da matsakaita, da waɗanda take kira "masu zuwa a hankali". Ba ta riƙe bulala. Ta kawo marafan kwalba cike da gwangwani, da su muke rabawa da ninkawa a kan benci. Ta ce wanda bai gane ba ya tambayi na kusa da shi da yaren da ya ga dama, in ya gane sai ya maimaita da Turanci. Ranar da ta ga yadda Rakiya ke jera lissafinta, ta miƙa mata alli ta ce ta zo ta nuna wa aji. Rakiya ta tsaya a gaban allo, ta yi bayani da Hausar Maradi, wani yaro ya juya wa sauran da Yarbanci, aka tafa mata. Wannan ne karo na farko da yawancin 'yan ajin suka ji muryarta. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne rabin makin kowa na ƙungiyarsa ne, ranar Juma'a kuma Madam ce ke zaɓar wanda zai amsa a madadin ƙungiya, ba ta kuma taɓa zaɓata ba.

Ina gama aikina cikin ɗan lokaci, sauran lokacin duk ya tafi a yi wa Sani da Rakiya bayani. Ta taga ina jiyo ajin Mista Ajayi suna maimaita darasi da murya ɗaya, darasin da mu ba mu kai ba. Bola, wadda muke musayar na ɗaya da na biyu da ita tun aji uku, tana can wurinsa, idan an fita cin abinci sai ta buɗe mini littafinta in ga nisan da suka yi mana. Makina ya fara sauka. Wata rana na yi ƙarfin hali na tsaya bayan an tashi na ce, "Madam, ni na iya. Don me za a rage mini maki saboda wani bai iya ba?" Ta dafa kafaɗata ta ce, "Binta, in ba ki iya sa Sani ya gane ba, ke ma ba ki gama iyawa ba tukuna." Na fito raina yana ƙuna, don a ganina ba ta amsa mini tambayata ba. Ga shi kuma akwai abin da nake hange. A makarantarmu kowace shekara ana zaɓar 'yan kaɗan daga aji biyar su zauna jarrabawar shiga sakandare tare da 'yan aji shida, Baba kuwa ya riga ya gama gaya wa abokansa a kara cewa 'yarsa tsallake aji shida za ta yi.

Da Baba ya ga sakamakona na tsakiyar zango, washegari bai fita kasuwa ba. Ya sa babbar riga ya haɗu da wasu iyaye suka tafi wurin hedimasta. Ƙorafinsu shi ne ajin Madam ya zama kasuwa, yara na surutu da yare, ba bulala, an mayar da masu ƙoƙari malaman dole. Hedimasta ya yanke cewa a ƙarshen zango za a yi wa azuzuwan biyu gwaji ɗaya, tambayoyi iri ɗaya, lokaci ɗaya, kowa da kansa. Daga nan za a zaɓi masu zaman jarrabawar sakandare, wanda ya faɗi ƙasa warwas a mayar da shi aji huɗu, tsarin Madam kuma in bai nuna amfani ba a rushe shi. Labarin ya riga Baba isowa gida. Da yamma Malam Isufu yana shirin tafiya gadi, na ji shi a bakin rijiya yana ce wa matarsa, "In aka maishe ta cikin ƙanana, gida za ta koma wajen kakarta. Ban kawo ta nan ta yi ta shan kashi a banza ba." Rakiya tana tsugune tana wanke-wanke, ba ta ɗago ba, amma na ga kwanon ya tsaya a hannunta.

Daga ranar gidan ya canza. Mahaifiyar Rakiya ta daina leƙowa ɗakin Innarmu hira, gaisuwa kawai ake yi a lungu a wuce, don kowa ya san Baba ne ya kai ƙarar. Baba ya ce mini, "Ke ba malama ba ce. Ki riƙe littafinki." Muka daina carafke. Hanyar makaranta ce kawai ta rage mana, sai muka mayar da ita aji. Duk motar danfo ko okada da ta wuce da rubutu a jiki, duk allon shago, sai Rakiya ta karanta da ƙarfi in gaya mata ma'anarsa, tana maimaitawa har mu kai ƙofa. Ni kuma ina aron littafin Bola ina kwafar darussan da ba mu kai ba, ina haddace abin da ba wanda ya yi mini bayaninsa. Madam ta rame a makonnin nan. Ta ƙara sauri, tana yawan duban agogo, amma ba ta wargaza ƙungiyoyin ba.

Ranar gwajin zafi ake yi irin na watan Maris, riga na manne wa mutum a baya. Aka mayar da bencina suka fuskanci allo, aka yi musayar malamai, Madam ta tafi tsaron ajin Mista Ajayi, shi kuma ya shigo namu. Rakiya tana gefena, hanya ce kawai a tsakaninmu. Na fara da sauri, komai na tafiya daidai, sai da na juya shafin ƙarshe na ga tambayoyi daga darussan da na kwafa ban gane ba. Ina cikin haka na ga hannun Rakiya a sama. Ba wanda ke ɗaga hannu a gwajin Mista Ajayi. Ya tako a hankali ya tsaya a kanta, ta ɗora yatsa a kan wata kalma a cikin tambayar lissafi. Daga inda nake ina hango ta, kalmar da ke nufin abin da ya rage bayan an raba. Kalma ɗaya ta Hausa ta isa ta warware mata. Ya dubi takardar, ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ce mata, "A babbar jarrabawa ba wanda zai zo ya yi miki bayani. Sake karantawa." Bai tafi ba. Ya tsaya a nan hannuwansa a baya, tana bin layin da yatsa leɓɓanta suna motsi, ta kai ƙarshe ta koma farko. Can ta ɗauki biro ta fara rubutu. Sai a sannan ya matsa.

Bayan kwana biyu sharar baranda ta faɗo kan ƙungiyarmu, muna shara a bayan tagar ofishin hedimasta muka jiyo muryoyinsu. Ban taɓa jin Mista Ajayi ya ɗaga murya ba sai ran nan. Madam tana cewa, "Yarinyar da ta zo jiya-jiya ba ta jin ko gaisuwa da Turanci, ka auna ta da mudu ɗaya da wanda aka haifa a nan, ka ce ka yi adalci? Na bayanka fa, yaushe rabon da ka ji muryarsu?" Shi kuma ya ce, "Ke kin ɗauki lokacin yarinya mai ƙoƙari kin rarraba wa wasu, ba ki tambaye ta ba, ba ki tambayi ubanta ba. Ga takardarta nan, dubi shafin ƙarshe. Wannan ne adalcin?" Na gane da ni yake. Rakiya ma ta gane wa Madam ke nufi. Muka tsaya da tsintsiya a hannu, ba wadda ta iya duban 'yar'uwarta, suna ta yi har hedimasta ya buga tebur.

Da sakamako ya fito ba wanda ya iya cewa ga wanda ya yi nasara. Na sama-sama kusan duk daga ajin Mista Ajayi suka fito, amma waɗanda aka mayar aji huɗu ma yawancinsu 'yan bencinsa na baya ne. Ajin Madam ya taru a tsakiya. Sani ya wuce. Rakiya ta faɗi Turanci, lissafi ya ɗaga ta, ta tsallake da ƙyar. Ni kuwa ban shiga cikin waɗanda aka zaɓa ba, kaɗan ya rage, Bola ta shiga. Na je bayan rijiya na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Baba bai yi mini faɗa ba, ya dai ture tuwonsa ya fita, ya kuma yi kwanaki ba ya zama a majalisar abokansa. Da yamma Malam Isufu ya yi sallama a ƙofarmu da ƙullin goro, ya tsuguna ya ce ya zo godiya, ya ji irin ɗawainiyar da na yi da 'yarsa. Baba ya daɗe yana kallon goron kafin ya karɓa ya ce, "Allah ya yi musu albarka."

A ƙarshen shekara aka yi wa Madam Rifkatu canjin makaranta, ba mu sake ganinta ba. A aji shida aka haɗe mu, muka koma hannun Mista Ajayi da jeruwar Litinin. Rakiya ta fara daga baya, tana tsayawa darasinsa na bayan tashi kullum, kafin shekara ta ƙare ta kai tsakiyar aji. Ni na ci jarrabawar sakandare ba wahala, shekara guda a bayan Bola. Rakiya ta yi ƙaramar sakandare a nan kafin iyayenta su koma gida. Yanzu tana fataucin atamfa tsakanin Maradi da Kwatano, muna aika wa juna saƙon murya, kuma duk sanda zancen ya taso sai mun yi musu. Abin mamaki, ita ce ke kare Mista Ajayi. Ta ce Madam ta buɗe mata baki, amma kallon tausayin da ake yi mata a ajin yana ƙona mata rai, shi kuwa da ya tsaya a kanta ya ce ta sake karantawa, ya ɗauke ta ne a matsayin wadda za ta iya. Ni da na rasa shekara guda, ni ce ke tuna Madam, don aikin jinya nake yi yanzu, rabin aikina kuwa bayani ne ga mutanen da tsoro ya hana su ganewa, a kan bencin ajin Madam kuma na fara koyon hakan.

Makarantar tana nan, an sake mata kwano, an kewaye ta da katanga, bulala ta zama abin da ake yi a ɓoye in ma ana yi. 'Ya'yana suna wata makarantar kuɗi, ajinsu bai kai rabin namu ba, kowa da kujerarsa, wanda ya gaza kuma iyayensa su ɗaukar masa malamin gida in suna da hali, in ba su da shi ya gaza shi kaɗai ba wanda ya ji. Ina zuwa taron iyaye in zauna in ji ana maganar sakamako cikin ladabi, ana murmushi, a sha lemo a watse. A irin wannan zaman nakan tuna wancan tsohon ofishin da muryoyin mutum biyu da suka kusa dishewa saboda yara mata biyu da ba su haifa ba. Har yau ban yanke wa ɗayansu hukunci ba. Na dai san ba a sake yin faɗa a kaina da irin wannan zafin ba.